Yadda Ake Farautar Kayan Da a Kasuwannin Gwanjon Faransa

Wanda ya shiga kasuwar tsofaffin kaya a Faransa da niyyar tsintar dami a kala, da wuya bai fito da akwati cike da tarkace ba. Masu sayarwa a can sun san kayansu, da yawansu gadon sana'ar suka yi, kuma kowa na da waya a aljihu da zai duba farashi cikin minti ɗaya. Duk da haka ana samun abin kirki da araha kowane mako. Masu samun su ne waɗanda suka ƙware a kan abu ɗaya ko biyu, suka san tambarinsa da nauyinsa da irin lalacewar da yake yi, har idonsu ya kan riga na mai kayan gani. Iya ciniki yana zuwa ne daga baya.

Fara da sanin wace irin kasuwa ce

Kasuwannin iri uku ne, kuma farashinsu ba ya haɗuwa. Akwai vide-grenier, inda mutanen unguwa ko ƙauye ke fito da kayan da suka gaji da su, su baza a bakin titi, galibi ranar Lahadi daga watan Afrilu zuwa Oktoba. Doka ta yarda wa wanda ba ɗan kasuwa ba ya yi irin wannan sayarwa sau biyu kacal a shekara, don haka yawancin masu tebur so suke su rabu da kayan kafin yamma. Nan araha take, nan kuma shara ta fi yawa. Sai brocante, ta 'yan kasuwa masu rajista da ke sayen kayan gidajen da aka raba gado ko aka tashi. Na uku su ne antiquaires, masu kayan tarihi na gaske, waɗanda suke tsaya wa shekarun kaya da asalinsa, su kuma caje ka kuɗin wannan tsayawar.

A Paris sunan da kowa ke fara ji shi ne Saint-Ouen, a arewacin birnin. Asalinta 'yan jari-bola ne na ƙarni na 19 da aka tura bayan ganuwar gari, suka riƙa baza abin da suka tsinto, har hukuma ta tsara wurin a 1885. Yau ta kai kusan hekta 7, kuma kasuwanni ne fiye da goma a manne da juna, suna ci Asabar da Lahadi da Litinin, ko da yake ranar Litinin rumfuna da yawa a rufe suke. Idan ka sauka a tashar Porte de Clignancourt ta layi na 4 na metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, abin da zai fara tarar ka rumfunan takalma da jakunkuna ne da masu tallar waya a hannu. Kada ka tsaya, ba ka iso ba tukuna. Ka wuce ta ƙarƙashin gadar babban titin da ya kewaye birnin, ka karya hagu ka shiga rue des Rosiers. Wanda ba ya son turmutsutsu ya bi layi na 13 ya sauka a Garibaldi, ya shigo ta baya. A hanya za ka iya ganin masu cacar kati uku a kan kwali, mutane sun kewaye su ana ta "ci". Masu cin duk yaransu ne, kuma a nan ake yankan aljihu.

A cikin kasuwar, Vernaison, wadda aka kafa a 1920, ita ce ta ƙananan kaya, lunguna ne ƙunci-ƙunci cike da cokula da zannuwa da kayan wasan yara na da. Biron ta manyan kayan ɗaki ce masu ruwan zinariya. Paul Bert Serpette wurin masu ƙawata gidajen attajirai ne, kujeru da fitilun ƙarni na 20. Dauphine mai hawa biyu ce, a samanta ake samun littattafai da faya-fayan garmaho da tsofaffin hotuna. A ganina Saint-Ouen makaranta ce kafin ta zama wurin saye. Ka ba ta wuni guda kana kallo, kana juya kaya, kana tambaya, don ka san yadda na gaske yake da nawa ake sa masa.

Wurin saye ga mai matsakaicin aljihu shi ne Porte de Vanves, a kudancin birnin, kan titunan Marc Sangnier da Georges Lafenestre, Asabar da Lahadi da safe. Tebura ne a gefen hanya, kayan kuma irin waɗanda ke shiga jaka. Da azahar an fara naɗewa. Kasuwar Montreuil ta fi karkata ga gwanjon tufafi da kayan aiki. Dandalin Aligre na da 'yar ƙaramar kasuwa kullum da safe ban da Litinin.

A wajen Paris akwai Puces du Canal a Villeurbanne kusa da Lyon, wadda ta fi cika ranar Lahadi, da Cours Saleya a Nice ranar Litinin, da garin L'Isle-sur-la-Sorgue a kudu, mai manyan bukukuwan kayan da a lokacin Ista da tsakiyar Agusta. Uwarsu duka ita ce Braderie ta Lille, yawanci a ƙarshen makon farko na Satumba, inda ake ƙiyasta mutum sama da miliyan biyu ke taruwa. Awa ɗaya ce daga Paris a jirgin ƙasa mai sauri, amma masauki sai an kama tun watanni kafin lokacin. Abincin bikin ƙumban teku ne da soyayyen dankali, kuma sau da yawa da farar giya ake dafa ƙumbar, don haka mai kiyaye halal ya tambaya. Haka bikin Chatou da ake yi sau biyu a shekara kusa da Paris, tun asali tare da kasuwar naman alade yake tafiya. Don sanin inda vide-grenier za ta ci a makon da kake gari, shafukan brocabrac.fr da vide-greniers.org suna jera su gari-gari da rana-rana.

Shirin daren jajibiri

Ka yanke abin da kake nema tun kafin ka kwanta, kuma ka auna shi da akwatin da zai koma da kai. Yawancin kamfanonin jirgi kilo 23 suke yarda wa akwati ɗaya, tukunyar ƙarfe guda kuwa tana iya cin kilo 5. A jaka ka sa ƙaramar tocila, da gilashin ƙara girma irin na maƙeran zinariya, da maganaɗisu, da tef ɗin tela, da tsofaffin jaridu na naɗe abin fashewa. Kuɗi su zama tsaba, takardun yuro 5 da 10 da 20 da sulalla, a raba su aljihu biyu. A vide-grenier babu mai karɓar kati, kuma wanda ya gama kukan babu sannan ya zaro takardar yuro 100 ya ɓata cinikinsa na gaba.

Hausawa na cewa zuwa da wuri ya fi zuwa da wuri-wuri, amma a nan duka biyun ake so. Dillalai suna sayen mafi kyawun kaya tun daga bayan mota, kafin a sauke, da ƙarfe shida ko bakwai na safe. Mai neman abu mai kyau ya zo lokacin. Mai neman ragi ya zo sa'a ɗaya kafin a tashi, lokacin da mai kaya ke kallon kwalayen da zai sake lodawa. Ranar da aka tashi da yayyafi ma ranar mai saye ce.

Duban kaya

Nan ne aikin yake. Duk abin da ka ɗauka, ka kifa shi ka dubi gindinsa kafin fuskarsa.

Azurfar Faransa ta fi komai sauƙin tantancewa, domin hukuma na buga mata tambari. Tun 1838 tambarin azurfa tsantsa shi ne kan wata mace mai hular yaƙi, Minerve, ɗan ƙarami da sai da gilashi ake ganinsa. Idan akwai lamba 1 kusa da kan, azurfar kashi 950 ce cikin 1,000 a tsofaffin kaya, ko 925 a na bayan 1973. Lamba 2 na nufin 800. Kusa da shi za ka ga tambarin maƙerin, kuma siffarsa kaɗai ta isa ta ba ka labari: idan mai tsini huɗu ne kamar daiman na kati, ƙarfe mai daraja ne, idan kuwa murabba'i ne, shafe aka yi wa farin ƙarfe. Lamba irin 84 a kan cokali ba ta nuna tsarkin azurfa, giram ɗin da aka shafa wa cokula 12 da cokula masu yatsu 12 ne gaba ɗaya. Yawancin kayan kamfanin Christofle da za ka gani shafe ne, masu kyau ne kuma suna da kasuwa, amma kada a sayar maka da su a kuɗin tsantsa. Zinariya mai karat 18 kan gaggafa ne tambarinta. Maganaɗisu ba ya kama azurfa ko zinariya, sai dai ba ya kama tagulla ma, don haka jabu kawai yake fallasawa, ba ya shaidar na gaske. Musulmi kuma ya tuna da hanin ci da sha a mazubin zinariya da azurfa kafin ya yi wa teburinsa sayayya.

Tukwanen jan ƙarfe, kauri ake dubawa. Na masu girki na gaske yana kai milimita 2.5 zuwa 3 a baki, da mariƙin baƙin ƙarfe da aka kafe da manyan ƙusoshi, kuma idan ka ɗaga sai ka ji shi a wuyan hannu. Masu sirara marasa nauyi na ratayewa a bango ne. Sunayen Villedieu, Mauviel ko Dehillerin a jikin tukunya alama ce mai kyau. Cikinta shafen kuza ne, kuma idan jan ƙarfen ya fara leƙowa sai an sake shafe kafin a yi girki, musamman miyar tumatir ko wani abu mai tsami. Ka sa kuɗin wannan gyara cikin lissafinka, ka kuma tambayi kanka ko akwai mai yin shafen a garinku. Tukwanen Le Creuset, da ake ƙerawa tun 1925, fentin ciki ake dubawa. Tabo a waje ba komai, ɓantarewa a ciki ta gama da ita.

Faɗi-ka-mutu da gilashi, ka ɗan ƙwanƙwasa da farce. Mai lafiya yana amsawa da ƙara mai tsawo, mai tsaga a ɓoye sai ya yi dum. Ka bi baki da yatsa, ka haska tocila ta gefe don ganin inda aka liƙe aka shafa fenti. Limoges sunan gari ne mai masana'antu da yawa, ba kamfani ɗaya ba, don haka ganin sunan kaɗai ba ya sa faranti tsada. Farantan Gien da Sarreguemines da Digoin suna ko'ina a vide-grenier da ɗan kuɗi kaɗan. Tsofaffin farantan da ƙyallinsu ya tsattsage gara a bar su ga ado, saboda wasu na da dalma a jikin shafen. Kamfanin gilashi na Baccarat bai fara sa tambari a gindin kofunansa a kai a kai ba sai wajen 1936, ke nan kofi marar tambari yana iya zama tsoho na gaske, kuma a nan mai ido ke cin riba. Gilashin Lalique mai harafin R a gaban sunan na zamanin René Lalique ne, wanda ya rasu a 1945, kuma saboda tsadarsa an fi yi masa jabu.

Zannuwan gado su ne abin da nake ganin baƙi sun fi raina wa, alhali sun fi komai dacewa da akwati. 'Yan matan Faransa na da sukan shafe shekaru suna ɗinka kayan aurensu, su yi wa kowane zani surfanin haruffan farko na sunan iyalan biyu, kamar dai yadda uwa a wurinmu ke tara wa 'yarta kayan ɗaki tun tana ƙarama. Da yawa ba a taɓa shimfiɗa su ba. Akwai na lilin tsantsa, mai sanyi da nauyi a hannu, akwai métis, haɗin lilin da auduga. Ɗinki a tsakiyar zani daga sama har ƙasa na nuna saƙar ƙaramin masaƙi ce, wato ya tsufa. Ka warware shi duka, ka ɗaga wa rana, ka dubi tsakiya inda jiki ke goga. Rawayar ajiya tana fita da jiƙo, tsatsa da rauni a kan layin ninki ba sa fita.

Mai son ƙaramin abu mai labari ya nemi injin niƙa kofi na Peugeot. Gidan da ya ba mu Fijo 504 ya fara da zarto da injin niƙa ne, na kofi tun 1840, kuma zakin nan yana jikinsu. Ka juya hannun, ka jawo 'yar aljihun katakon ka duba.

Sai akwatunan katin wasiƙa mai hoto, waɗanda dillalai ke jerawa na kowace ƙasa daban. Ka ce a nuna maka na "Afrique Occidentale" ko "Niger". Ana samun hotunan Zinder, wadda ta riƙe hedikwatar mulkin mallakar Nijar har 1926, da na Agadas da Yamai, wani lokaci da kan sarki da hatimin gidan waya a jiki. Ka juya bayan katin: idan babu layin da ya raba wurin adireshi da wurin saƙo, an buga shi ne kafin 1904. Rubutun da Turawan mulki suka yi a ƙarƙashin wasu hotunan yana da ɗaci a karanta, amma fuskar kasuwa da ganuwa da rawanin mutanen wancan lokaci suna nan a ciki.

Kayan katako kuwa ina jan kunne. Ƙananan ramuka masu duhu tsohuwar ɓarnar ƙwaro ce, amma rami mai haske da gari a bakinsa na nufin ƙwaron na nan da rai. Kayan da aka manna wa siririn katako a fuska sun saba da laimar Turai, hunturu ɗaya a Kano ko Maraɗi ya isa ya ɗaga fuskar. Katifa da kujera mai soso a bar su, saboda kuɗin cizo. Tsohuwar fitila kuma a sake mata waya kafin a jona.

Ciniki

Ka fara da gaisuwa. "Bonjour Madame" ko "Bonjour Monsieur" kafin ka taɓa komai, kuma ka nemi izini kafin ɗaukar hoto. Wanda ya tsallake wannan ya riga ya ƙara wa kansa kuɗi. Idan ka tarar mai rumfa na cin abincin rana a kan teburin da yake sayarwa, abin da suke yi da gaske, ka zagaya ka dawo.

Tayin rabin kuɗi da muka saba da shi ba ya aiki wurin ɗan kasuwar Faransa. Ba zai ce albarka ya jira ka ƙara ba, juya maka baya zai yi. Ragin da aka saba yana tsakanin kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari. Tambayar da ke buɗe ƙofa ita ce "Quel est votre meilleur prix?", wato nawa ne ƙarshensa. Ka bar shi ya fara saukowa, sannan ka taya ƙasa kaɗan. Idan akwai aibi, ka nuna shi a hankali ba tare da kushe kayan ba, domin da yawansu suna son kayansu har zuci. Haɗa abu uku ko huɗu a tambayi kuɗinsu a dunƙule ya fi kawo ragi fiye da jayayya a kan ɗaya. A vide-grenier ana iya zurfafa tayi, amma abin yuro 2 ba a tsaya masa. Kuma idan ka taya aka sallama, ka saya.

Abin da kake so ka riƙe shi a hannu har a gama magana. Da ka ajiye, na bayanka ya ɗauka, kuma babu mai ba ka gaskiya. Idan za ka ba da kafin alƙalami a ajiye maka babban kaya, ka dubi abin da aka rubuta. Arrhes na nufin kana iya fasawa ka rasa abin da ka bayar, idan kuma shi ya fasa ya biya ka ninki biyu. Acompte na nufin ciniki ya faɗa, babu fasawa.

Rasit, da abin da ba a saye

Ga duk abin da ya wuce 'yan yuro kaɗan a hannun ɗan kasuwa, ka nemi facture, wato rasit. Wata doka ta 3 ga Maris 1981 ta wajabta wa mai sayar da kayan fasaha da na tarihi ya ba mai saye takarda idan ya nema, mai bayyana abin da kayan yake, da abin da aka yi shi da shi, da asalinsa da shekarunsa. Kalmomin da ke kan takardar suna da nauyi a kotu. "Époque Louis XV" na nufin an yi shi a zamanin sarkin Faransa Louis na 15. "Style Louis XV" na nufin kama kawai ya yi, ko da bara aka ƙera shi. Mai kayan da ya rantse maka da baki amma ya ƙi rubutawa ya riga ya ba ka amsa. Mazaunin Faransa ba ya biyan ɗan kasuwa fiye da yuro 1,000 da tsaba, baƙo yana da iyaka mafi girma idan ya nuna fasfo, kuma mai shiga ko fita Tarayyar Turai da yuro 10,000 ko fiye dole ya sanar da kwastan.

Hauren giwa da ƙoƙon kunkurun teku da fatun namun dawa, kada ka kusance su komai tsufansu. Faransa ta tsaurara dokar haure a 2016, Tarayyar Turai ta ƙara a 2022, kuma fitar da su ba takardar CITES, wato izinin yarjejeniyar kare namun dawa ta duniya, laifi ne. Jabun jakunkuna da agoguna na bakin gada ma kwastan na ƙwacewa su ci tara. Za ka kuma ga rumfunan "kayan Afirka" da kawunan yumɓu da ake cewa na Nok ne. Yawancinsu sabbi ne da aka tsufar, na gaskiyar kuwa haƙo su aka yi aka fitar daga Najeriya ba bisa doka ba, shi ya sa suke cikin jerin kayan da Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya, ICOM, ta yi gargaɗi a kansu tun 2000. Ko wanne ne a ciki, kuɗinka bai kamata ya shiga ba.

Kai kaya gida

Zannuwan da ka saya su ne abin naɗe farantan da ka saya. Faranti a tsaye ake jera shi, ba a kwance ba, a cusa safa cikin kofuna, a sa masu nauyi ta wajen tayoyin akwati. Wuƙaƙe da almakashi su shiga akwatin da za a auna, katunan hoto da ƙananan azurfa su zauna a jakar hannu tare da rasit ɗinsu. Tufafi da zannuwa a wanke su da ruwan zafi, digiri 60, kafin su haɗu da kayanka.

Babban kaya, akwai kamfanonin aikawa a cikin Saint-Ouen kanta, suna karɓa daga rumfa su yi masa akwatin katako. Ka tambayi kuɗinsu kafin ka biya kuɗin kayan, domin aikawar kan fi sayen tsada. Masu aika kaya Afirka ta Yamma kuma suna nan a unguwar Château Rouge, tasha uku daga Porte de Clignancourt a layi na 4 ɗin nan, sai dai ka naɗe kayanka da kanka, ka rubuta abin da ke cikin kowane kwali, ka ɗauki hotonsa kafin a rufe. Mai tunanin kasuwanci ya sani cewa gwanjon tufafi na cikin kayan da Najeriya ta hana shigo da su, don haka rigunan ma'aikata shuɗɗa biyu ko uku na sawarka daban ne da dila. Fitila da sauran kayan lantarki za su shiga soket ɗin Nijar kai tsaye, a Najeriya kuwa sai an canza musu kai zuwa mai ƙafa uku.